Ga Matasan Nima da Maamobi: Agajin Gaggawa Sana'a Ce

Ambaliya da gobarar gidan mai da suka haɗu a Kwame Nkrumah Circle ranar 3 ga Yuni, 2015 sun ci rayuka sama da 150. A Nima da Maamobi kuwa, duk damina babban kwalbati kan cika da shara, ga lunguna da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Zango na bukatar 'ya'yansa masu horo a fannin agajin gaggawa.

Ku fara da kwas ɗin taimakon farko na Red Cross ta Ghana, ku yi rajistar aikin sa-kai a ofishin hukumar kula da bala'o'i (NADMO) na gundumarku. Mai sakamakon WASSCE mai kyau ya sa ido kan sanarwar ɗaukar ma'aikata ta hukumar motocin asibiti, wadda ke horarwa a Nkenkaasu, ko ta 'yan kwana-kwana, masu makaranta a James Town. Ma'aikatan jinya su nemi digirin jinyar gaggawa a KNUST, Kumasi.

Ku adana kowace takardar shaida. Kada ku ba ɗan-tsakani kuɗi don gurbi. Ku bi sanarwar hukuma kawai.