Darasin Aikin Gona: Yin Shuka a Tsakanin Itatuwan Lambu

Darasinmu na wannan wata ya shafi masu lambun mangwaro, gwaba da lemo a ƙasar Kura, Bunkure da Garun Malam. Ya kuma shafi maƙwabtanmu waɗanda ba su da gonar kansu. Malamin aji ya fara karantawa, sannan ɗalibai su karɓa bi da bi.

Yadda ake yi a ƙasashen zaitun

Kowa ya san sunan zaitun, domin an ambace shi a cikin Alƙur'ani mai girma. A ƙasashen Falasɗinu da Siriya shi ne babban itacen arziki, kamar yadda mangwaro yake a wurinmu. Sai dai zaitun yakan yi shekaru kafin ya fara 'ya'ya, kuma sau ɗaya ake cirarsa a shekara, wajen watan Oktoba da Nuwamba. Saboda haka tun zamanin kakanni manoman can sukan shuka alkama, sha'ir da dangin wake a tsakanin layukan itatuwan. Da yaƙi ya ɓarke a Siriya a 2011, gidaje da yawa sun rasa masu ciyar da su, wasu sun bar garuruwansu. A irin wannan hali gida ba ya iya jiran itace ya shekara, abincin wata biyu ko uku yake nema.

Zaitun yana bukatar sanyi mai tsawo kafin ya yi fure sosai, don haka ba itacen ƙasarmu ba ne. Amma dabarar tamu ce tun asali. Manomin da ya iya gicci, ya haɗa gero da wake a gona ɗaya, ko ya shuka gero a gindin gawo, ya riga ya san rabin wannan darasi.

Halin da muke ciki a gida

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga nan ruwa yake biyo kanal zuwa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, ƙarƙashin kulawar Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are. Albarkacin ruwan nan muna noma damina da rani.

Amma ba kowa ke da fili ba. Rikicin Boko Haram da ya tashi a 2009 ya raba mutane fiye da miliyan biyu da gidajensu a Arewa maso Gabas. Daga baya 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a Zamfara, Katsina da Sakkwato. Wasu daga cikin mutanen nan sun sauka Jihar Kano wurin dangi. Yawancinsu manoma ne a can garuruwansu, yau kuwa sai ƙwadago. Ga kuma matan da mazansu suka rasu suka bar su da marayu.

A gefe guda, ga mai sabon lambu ya dasa itatuwa, ciyawa ta rufe tsakaninsu, awaki na cinye tohon, shi kuma yana biyan kuɗin ban ruwa. Idan mutanen nan biyu suka haɗu, kowa zai amfana. Zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka ne.

Mu yi lissafi

Ana dasa mangwaro da tazarar mita 10 tsakanin itace da itace. Mita ɗaya kamar babban taku ɗaya ne na namiji. Eka ɗaya tana da murabba'in mita kimanin 4,000, tana ɗaukar mangwaro 40. Idan aka bar wa kowane ƙaramin itace mita ɗaya ta kowane gefe, ya ci murabba'in mita 4. Itace 40 sau 4 ya zama 160. A cire 160 daga 4,000, saura 3,840. Kun ga kusan duk ekar a banza take zaune.

Mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu, kuma inuwarsa ba ta rufe fili da wuri. Gwaba da lemo ana dasa su da tazarar mita 6 zuwa 7, don haka filinsu ya fi saurin rufewa. Waɗannan shekarun farko su ne na yin shuka a tsakani.

Abin da ya kamata a shuka

1. Da damina a shuka wake ko gyaɗa. Akwai irin wake mai nuna cikin kwana 60 zuwa 70. Gyaɗa takan yi wata uku zuwa huɗu. Saiwarsu tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da ake samu a takin Yuriya. Harawarsu kuma abincin dabba ce, ko a sayar da ita da bazara lokacin da take tsada. Uwargida tana iya matse gyaɗar ta sami mai da ƙuli-ƙuli.

2. Da rani a yi albasa, karas, latas da alayyafo. Alayyafo cikin mako huɗu an fara yanka, ga miya ga kuɗin cefane. Albasa takan yi wata uku zuwa huɗu bayan dashe, kuma tana ajiyuwa.

3. Mai son waken rani ya jira sanyin hunturu ya ragu, wajen watan Fabrairu.

A raba filin kashi-kashi, kada a zuba abu ɗaya. Ba mu manta da 2016 ba, shekarar da ƙwaron nan da manoma suka sa wa suna Sharon ya cinye tumatir a Kano da maƙwabtanta. Mai ƙarfi yana iya farfaɗowa daga irin wannan asara, amma gidan marayu ba zai iya ba.

Abin da za a kiyaye

1. Kada a shuka dawa, masara ko rake kusa da ƙananan itatuwa. Suna yi musu inuwa, suna kuma shanye taki.

2. Kada a yi shinkafa a cikin lambu. Ruwan da yake kwanciya yana ruɓar da saiwar lemo da mangwaro. Lambu a jigawa ko tudu ake yin sa, inda ruwa ke wucewa.

3. Kada a sa tumatir, kuɓewa ko tattasai a lambun gwaba. Suna tara wata ƙaramar tsutsa da ido ba ya gani, wadda ke kumbura saiwa har itacen ya bushe. Gyaɗa da albasa sun fi dacewa a nan.

4. Kada a dasa itace a bakin kanal, saiwarsa tana fasa gini. A nemi shawarar malamin gona ko ma'aikacin hukuma kafin dashe.

5. Kada garma ta matsa gindin itace. Duk shekara a ƙara faɗin wurin da ake bar masa, gwargwadon yadda rassansa suka buɗe.

6. A yi hattara da maganin kashe ciyawa, iska na iya kai shi kan itacen ya ƙone. A cikin lambu fartanya ta fi.

7. Hukuma takan rufe ruwa don gyaran kanal. A tanadi rijiya ko wata hanya, musamman a zafin Maris da Afrilu.

A rubuta yarjejeniya

Aron gona tsohuwar al'adarmu ce, amma yawan rigimar da ake kai wa dagaci daga maganar baka take fitowa. Mai lambu yana tsoron a ce an gaje masa fili. Mai aro yana tsoron a tashe shi albasarsa ba ta nuna ba. Maganin wannan shi ne a je gaban mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta abubuwa biyar:

Na ɗaya, fili da itatuwa na mai lambu ne. Na biyu, shekara nawa aron zai yi. Na uku, ba za a tashi mai aro ba sai ya kwashe amfanin da ya shuka. Na huɗu, wa zai sayi taki, iri da man injin ban ruwa. Na biyar, mai aro zai ba itatuwa ruwa, ya kare su daga dabbobi da gobarar daji. Kowa ya riƙe takarda ɗaya. A nan ne amfanin zuwa aji yake bayyana, domin wanda ya iya karatu da idonsa zai ga abin da ya sa wa hannu.

Mai lambu ya tuna cewa ruwa da takin da ake ba albasa, itacensa ma yana sha. Idan ya bar wa mai aro amfanin gaba ɗaya, bai yi asara ba, ga kuma ladan taimakon maƙwabci.

Tambayoyi

1. Mangwaro nawa eka ɗaya take ɗauka?
2. Don me ba a yin shinkafa a cikin lambu?
3. Kawo abubuwa uku da za a rubuta a takardar aro.
4. A unguwarku, wa ke da sabon lambu, wane gida kuma ke neman fili? Ku tattauna da mai unguwa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.