Kalma Ɗaya Mai Fuska Biyu: "Sanction"

Ɗalibin da ya tashi a Lafani ko cikin garin Illela ya san takunkumi tun kafin ya gamu da shi a littafi. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. Bayan kwana huɗu shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi. Aka rufe iyakar da ke tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, manyan motoci suka yi cirko-cirko da kaya a bakin hanya, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024. A duk tsawon watannin nan, kalmar da jaridun Turanci suka yi ta nanatawa ita ce "sanctions".

To, a nan gizo ke saƙar. Ɗalibin da ya koyi kalmar daga waɗannan labarai zai ɗauka hukunci kaɗai take nufi. Sai ranar jarrabawa ya ci karo da jimla irin wannan: "The principal sanctioned the trip." Nan take zai rubuta cewa shugaban makaranta ya hana tafiyar. Alhali kuwa amincewa ya yi da ita, ya ba da izini a hukumance. Maki ya tafi ke nan.

Yaya aka yi kalma ɗaya ta ɗauki ma'anoni biyu masu karo da juna? Amsar tana cikin tarihinta. Asalinta daga Latin ne, harshen mutanen Rum na da, daga aikatau "sancire", wato tsarkake abu ko tabbatar da shi yadda ba mai ikon taɓawa. A dokokin Rumawa, "sanctio" shi ne sashen da ke fayyace abin da zai sami wanda ya karya dokar. Idan muka lura, haka abin yake a wurinmu ma: in sarki ya buga hatimi a kan wata doka, ya yarda da ita ke nan, kuma ya ɗaura aniyar hukunta wanda ya saɓa mata. Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 da ma'anar doka, daga bisani ma'anonin biyu suka rabu, kowace ta kama gabanta. Ma'anar takunkumi tsakanin ƙasashe ta bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta kuma yi fice a 1935 lokacin da aka sa wa Italiya takunkumi saboda mamaye Habasha.

Mu Hausawa ba mu da wannan ruɗani. Izini daban, takunkumi daban. A ganina ma tamu kalmar ta fi armashi, domin takunkumi tun asali shi ne abin da ake ɗaure wa dabba a baki don kada ta yi cizo ko ta ci amfanin gonar mutane.

Hanyar rarrabewa ita ce a dubi maƙwabtan kalmar. Idan ta zo a jam'i, tare da "impose", ko "lift", ko "against", to takunkumi ake nufi, alal misali "They lifted the sanctions." Idan kuwa ta zo tilo, kamar a "without the sanction of the court", ana nufin ba da yardar kotu ba. Aikatau ya fi wuya. Galibi idan abin da aka yi wa "sanction" aiki ne ko shiri, to an amince da shi. Idan mutum ne ko ƙasa, an hukunta shi. Har ila yau a tuna cewa kalma ce ta hukuma da kotu da jarida. Ba a cewa uwa ta yi "sanction" ɗin zuwan ɗanta kasuwa; "allow" ta wadatar.

Ga aiki ga malamai. A rubuta waɗannan jimloli biyu a allo: "The union sanctioned the strike" da "The union sanctioned the driver." A bar ɗalibai su fassara su zuwa Hausa, sa'an nan kowa ya faɗi kalmar da ta nuna masa hanya.