Amsoshin Tambayoyinku: Wane suna ya dace da wanda ya taɓa zaman kaso?

Malam, mai sauraronmu daga Damagaram, ka tambaya me ya sa masana laifuffuka a jami'o'in Amurka ke jayayya kan yadda za a kira wanda ya taɓa zaman kurkuku.

Maganar ta daɗe. Tun 1963 wani masani mai suna Howard Becker ya nuna cewa laƙabin da al'umma ta liƙa wa mutum kan tura shi cikin halin da aka zarge shi da shi. Shi ya sa Eddie Ellis, wanda ya yi shekaru a ɗaure a New York, ya roƙi a fara ambaton mutum kafin laifinsa. A 2016 wani sashe na Ma'aikatar Shari'ar Amurka ya daina cewa "mai laifi" a takardunsa.

Amma tsofaffin fursunonin da suka zama malaman jami'a, suka kafa ƙungiyarsu a 1997, sun riƙe irin wannan suna da gangan. A ganinsu, sassauta suna ɓoye azabar kurkuku ne. Hujjarsu na da ƙarfi, Malam. Misali, Najeriya ta sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali a 2019, amma cunkoson masu jiran shari'a yana nan.