DARASI: LISSAFIN GUZURIN TSUFA DA IYAKARSA

Ya ƴan'uwa, a yau akwai manhajoji a wayar hannu da ke yi wa ma'aikaci lissafin ritaya. Sai ya shigar da shekarunsa da abin da yake kashewa, su ba shi jimilla. Misali, magidancin da zai ajiye aiki yana da shekara 60, yana bukatar jaka 60 a wata, idan aka ƙaddara masa shekara 15, zai bukaci sefa miliyan 10 da dubu 800. Yin wannan lissafi ba laifi ba ne, kuma bai saɓa wa tawakkali ba, domin Annabi Yusuf (A.S.) ya tanadi hatsin shekarun yalwa saboda shekarun fari.

To amma shekara 15 ɗin nan wa ya ƙaddara ta? Na'ura ba ta san ajali ba, kuma wannan lissafin ya ɗauka darajar kuɗi a tsaye take. Dattawanmu sun shaida ranar 12 ga Janairu 1994, lokacin da aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza da ya yi ajiya, sai ya wayi gari magani da sauran kayan waje sun yi tsada, alhali fanshonsa na CNSS bai ninka ba. Haka a 2023, aka rufe iyakar Ƙonni da Illela ta Najeriya, naira kuma ta faɗi. Wanda ya dogara da fatauci ko ajiyar naira ya ji jiki. Ko babu irin waɗannan, idan farashi na ƙaruwa da kashi 5 cikin 100 kowace shekara, cikin kimanin shekara 14 zai ninka.

Sannan na'urar tana lissafa mutum ɗaya ne, alhali tsoho a ƙasarmu gida ne guda: aurar da ƴaƴa, jikoki, marayun ɗan'uwa, ga jinya.

Saboda haka a yi lissafin, a sake shi kowace shekara, kuma kada a zuba guzuri wuri ɗaya. Wani kaso ya tafi gona, ko garkar albasa irin ta Galmi, ko tumaki, tare da sanin cewa su ma fari na taɓa su. Ma'aikaci kuma ya je ofishin CNSS tun yana bakin aiki, ya tabbatar ana zuba masa kuɗinsa, kuma shekarar haihuwarsa ta dace a duk takardunsa.