Darasi: Ƙullutu a Nono, Kada Mu Jira Kaka

'Yan'uwa, idan mace ta ji ƙullutu a nono ko a hammata, ko kan nonon ya shige ciki, ko yana fid da jini, ko fatar ta zama kamar ɓawon lemo, sai a tafi asibiti a makon nan. Kada a sa wanzami ya tsaga. Rashin zafi ba alamar lafiya ba ne, gama sankara takan fara ba zafi.

A manyan asibitoci irin na koyarwa na Jos da Zariya, awo uku akan yi:

1. Likita ya duba da hannu.
2. A ɗauki hoton cikin nonon.
3. A ɗebo ɗan nama da allura a bincika. Amsar wannan takan ɗauki kwanaki.

Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma awo ne kaɗai zai nuna. Sankarar da aka gane da wuri ta fi jin magani.

Abin tattaunawa: Sau da yawa kuɗin mota ke hana tafiya sai bayan girbi. Nawa ƙungiyarmu za ta ware domin wannan? Wa zai yi rakiya?