Jiri da Hajijiya ga Mai Juna Biyu: Wanne Ne na Laulayi, Wanne Ne na Haɗari?

Uwargida, da wuya ranar awo ta wuce ba mu ji wata ta ce, "Sista, jiri nake gani" ba. Wasu kuma sai sun faɗi a madafi ko a banɗaki kafin a kawo su, domin an ce musu ai laulayi ne, zai wuce. Gaskiya ne wani jirin na laulayi ne, amma wani alama ce ta ciwon da zai iya taɓa rayuwarki da ta abin da ke cikinki.

Jiri iri biyu ne

Na farko shi ne ki ji duhu ya rufe miki ido, jiki ya saki, kamar za ki suma. Wannan yana faruwa ne idan jini ko sukari bai isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata ba. Na biyu shi ne hajijiya, wato ki ga ɗaki yana juyawa alhali kina zaune ko kina kwance. Wannan yawanci daga can cikin kunne yake. Idan kin zo asibiti, ki faɗa mana wanne ne naki, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Me ke kawo na farko?

1. Sakin jijiyoyi: Ciki yana sa jijiyoyin jini su buɗe, awon jini ya sauka, musamman a tsakiyar goyon ciki. Shi ya sa kike ganin jiri idan kin miƙe da sauri ko kin daɗe a tsaye.
2. Kwanciyar rigingine: Daga mako na 20, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Ki riƙa kwanciya ta gefe, musamman na hagu.
3. Ƙarancin jini: Idan gwajin PCV ya nuna ƙasa da 33, jininki bai isa ba. Za ki ga tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ga haki da bugun zuciya. Zazzaɓin cizon sauro, rashin abinci mai gina jiki da haihuwa kusa-kusa suna cikin manyan dalilansa.
4. Yunwa da ƙishirwa: Yawan amai, zafin rana, ko wuni ba ki ci komai ba.

Me ke kawo hajijiya?

A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda kai yake motsi. Wani lokaci wasu ƙananan tsakuwoyi kan ɓalle su faɗa cikin bututun. Daga nan, duk sanda kika juya a kan gado ko kika sunkuya, sai ɗaki ya juya, amma ba ya kai minti ɗaya. Likitan kunne yana mayar da su ta hanyar jujjuya kai a hankali, ba tare da allura ba. Akwai kuma kumburin jijiyar kunne, wanda ke kawo hajijiya da amai na kwanaki. Kada ki sayi maganin jiri a kemis, kuma kada ki ɗiga komai a kunne sai likita ya duba ki.

Alamomin da ba a jira

A taho asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan jiri ya zo tare da:
- ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu. Awon jini da ya kai 140/90 bayan mako na 20 na iya kaiwa ga jijjiga.
- zubar jini, ko ciwon mara mai tsanani a watannin farko, domin ciki na iya zama a wajen mahaifa.
- suma, zazzaɓi mai zafi, ko numfashi da ƙyar.
- karkacewar baki, sarƙewar harshe, ko mutuwar ɓarin jiki.
- raguwar motsin jariri.

Abin da za ki yi a gida

Da zarar kin ji jiri, ki zauna ko ki kwanta ta gefe, ki nisanci wuta da bakin rijiya. Ki riƙa tashi daga shimfiɗa a hankali. Ki ci abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki yawaita shan ruwa. Wake, kifi, nama, zogale da alayyahu suna taimaka wa jini. Ki sha ƙwayar ƙarin jini kullum, amma ba da shayi ba, domin yana hana ta aiki sosai. Ki kwana cikin gidan sauro, ki kuma sha Fansida da ake bayarwa a wajen awo bayan wata uku na farko.

Ga maigida da iyaye

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa sau 8, domin a gano irin waɗannan matsaloli da wuri. Maigida, ka bar izini tun yanzu cewa a kawo ta asibiti ko ba ka nan, ka kuma tanadi kuɗin mota. Kada a tsaya turare da shafe-shafe ana cewa iska ce, alhali awon jini na 'yan mintoci zai nuna abin da ke damunta.

Allah Ya sauke ku lafiya.