Lambun Shan Iska Na Kaduna

A birnin Kaduna akwai wani babban lambu a bakin kogi. Mutane sun fi saninsa da Gamji, amma an sa masa sunan Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1966.

Cikin lambun nan akwai wata tsohuwar gada ta ƙarfe. Gwamna Lugga ya sa aka kafa ta a Zungeru a 1904, daga baya aka ɗauko ta aka kawo Kaduna.

Wannan ba lambun albasa ba ne. An yi shi don jama'a su huta, su sha inuwa, yara su yi wasa.

To, mu mutanen karkara fa? Mu ma muna iya yin namu. Mu keɓe fili kusa da dandali. In damina ta kama, mu dasa darbejiya da mangwaro. Mu kewaye su da ƙaya don awaki. Da rani mu riƙa ba su ruwa. In muka sare itatuwa ba mu dasa ba, jikokinmu za su rasa inuwa.

Tambayoyi
1. Daga ina aka kawo gadar nan?
2. Don me mu ke kewaye dashe da ƙaya?